Kafin ka ɗora zanenka a intanet: matakan kare haƙƙinka

Mai sana'ar zane da ba ya nuna aikinsa ba ya samun ciniki, wannan kowa ya sani. Mai zana tambarin kamfani, da mai fitar da sabon salon abaya, da mai tsara zanen hula, da mai haɗa takalmin fata a Kofar Wambai, duk kasuwarsu yanzu rabinta tana Instagram da Facebook da TikTok da status na WhatsApp. Sai dai hoton da aka ɗora kamar magana yake, zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. Kuma a dokar Najeriya akwai haƙƙin da mutum ke rasawa a ranar da ya nuna wa duniya aikinsa, ko da babu wanda ya sata. Don haka abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne jeri: me za ka yi da farko, me zai biyo baya, sannan a ƙarshe ka danna ka ɗora.

Mataki na farko: gane irin aikin da ke hannunka

Mutane kan tara komai su kira shi haƙƙin mallaka, alhali dokoki uku ne mabambanta, kowace da ofishinta da sharuɗɗanta.

Ta farko ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ke kare zanen hannu, da zanen kwamfuta, da hotuna, da rubutu. Kariyarta tana farawa ne da zarar ka fitar da aikin a takarda ko a na'ura, ba sai ka yi rajista ba. Tana ɗorewa tsawon rayuwarka da ƙarin shekara 70 bayan rasuwa, hoto kuwa shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a. Tunda Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka a 1993, wannan kariya tana bin aikinka zuwa yawancin ƙasashen duniya. Amma ba ta kare tunani ko salo. In ka ce kai ne ka fara haɗa shuɗi da ruwan gwal a katin ɗaurin aure, babu kotun da za ta saurare ka. Abin da ake karewa shi ne ainihin zanen da ka fitar.

Ta biyu ita ce dokar 1970 da ta shafi ƙirƙire-ƙirƙire da zanen kayan masana'anta. Wannan ta shafi duk wani tsarin layuka ko launuka, ko siffar abu, da aka yi da nufin a riƙa buga shi da yawa: zanen atamfa, siffar jaka, ƙirar takalmi, kwalbar turare. A nan babu rajista, babu kariya.

Ta uku ita ce dokar alamar kasuwanci, mai kare suna da tambarin da kwastomomi suka san ka da su.

Ga inda mutane da dama ke faɗawa rami. Dokar haƙƙin mallaka ta fito fili ta ce zanen da mai shi ya yi tun farko da niyyar ya zama samfurin kayan masana'anta ba ya cikin abin da take karewa. Ita kuma dokar 1970 ta ce ba a yi wa zane rajista sai in sabo ne, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina, a kowane lokaci, kafin ranar da aka shigar da takarda. Haɗa biyun ka gani. Wata baiwar Allah ta zana sabon zanen yadi da niyyar kai wa masaƙa a buga mata dila-dila. Daɗi ya kama ta, ta ɗora a Instagram don jin ra'ayin mutane. Dokar farko ta ce wannan ba huruminta ba ne, ta biyu ta ce ai an riga an gani. Ta tashi ba tsuntsu ba tarko, kuma da hannunta.

To ka tambayi kanka tun kafin komai: wannan aikin, guda ɗaya ne na yi wa mutum ɗaya, ko kuwa samfuri ne da za a riƙa maimaitawa a sayar? In na farkon ne, kana da sarari. In na biyun ne kuma kana ganin zai yi kasuwa, riƙe wayarka tukuna.

Mataki na biyu: tabbatar naka ne

Kafin ka damu da mai sata, duba ko kai ɗin kana da ikon nunawa.

In wani ne ya ba ka kwangila, dokokin biyu sun saɓa. A zanen masana'anta, wanda ya ba da aikin ko wanda ya ɗauke ka aiki shi ne mai shi. A haƙƙin mallaka kuwa, asali na wanda ya zana ne, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka, kuma miƙa haƙƙin ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Kwastomomi da yawa ba su san haka ba, suna ganin tunda sun biya sun mallaki komai. Masu zane da yawa su ma ba su sani ba. Maganin rigimar ƴan layuka ne kafin a fara aiki, ko da a WhatsApp ne, kodayake takarda mai sa hannu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Misali:

"Alhaji, barka da yamma. Kafin in fara, ga yadda muka tsaya. Zan kawo samfuri uku ka zaɓi ɗaya. Wanda ka zaɓa zai zama mallakar kamfaninka da zarar an kammala biya. Biyun da suka rage nawa ne. Ina neman izinin nuna aikin a shafina bayan kun ƙaddamar da shi. In ka amince sai ka ba ni amsa a nan."

Layin nan game da ƙaddamarwa ba ado ba ne. In ka ɗora tambarin kamfani kafin masu shi su shigar da takardar rajista, wani zai iya riga su, kuma kai za a tuhuma.

Sai mai hoto. In ka kira mai ɗaukar hoto ya ɗauki kayanka, kayan naka ne, hoton nasa ne, sai in kun rubuta wani abu daban. Haka nan fuskar mutum. Tela ya ɗinka wa amarya kaya, ta turo masa hoto don ya ga yadda suka zauna, washegari ta ga kanta a shafinsa. A garuruwanmu wannan yakan jawo abin da ya fi ƙarar kotu zafi. Nemi izini, ko ka ɗauki kayan a jikin gunkin shago.

Duba kuma kayan da ka haɗa aikin da su. Salon haruffan da ka sauke kyauta, da yawansu an ba da su ne don amfanin kai kawai, ban da kasuwanci. Manhajar haɗa zane ta Canva ta faɗa a sharuɗɗanta cewa ba a yi wa tambari rajistar alamar kasuwanci in da hotunan rumbunta aka haɗa shi, domin kowa na iya ɗaukar irinsu. In ka sayar wa kwastoma irin wannan tambari ba ka gaya masa ba, ka sayar masa da abin da ba zai iya mallaka ba.

Abin gado kuma na kowa ne. Aska takwas, da aska biyu, da dagin Arewa, da tsofaffin zanen rini na Kofar Mata, babu mai cewa nasa ne shi kaɗai. Abin da ka ƙara da basirarka a kai, shi za ka iya karewa, don haka ka san iyakar inda na kakanni ya tsaya naka ya fara.

Mataki na uku: ajiye shaida

Rigimar zane kusan kullum tana komawa kan tambaya ɗaya: wa ya fara? Wanda ya kwafa yana da hoton ƙarshe kawai. Kai kana da tarihin aikin, in dai ba ka zubar ba.

Kada ka yar da takardun gwaji. Rubuta kwanan wata a gefen kowace, ka ɗauke ta hoto. In a kwamfuta kake aiki, ajiye ainihin fayil ɗin mai hawa-hawa, kuma maimakon ka riƙa adanawa a kan na jiya, ba kowane mataki sunansa da kwanan watansa. In ka gama, tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive, domin lokacin da ke jikin waɗannan ba kai ka rubuta shi ba, ya fi wanda ke wayarka ƙarfi a matsayin hujja. Ɗan gajeren bidiyo na hannunka yana zane, ko kana zaune a kan keke kana ɗinki, shi ma ka ajiye. Kada ka dogara da hoton da ke shafinka, saboda Instagram da Facebook suna goge yawancin bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, WhatsApp kuma yana matse shi.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, tana da tsarin rajista ta intanet. Ba dole ba ne, kuma ba shi ke ba ka haƙƙin ba, amma takardar shaidar da za a ba ka tana rage maka wahalar tabbatar da cewa aikin naka ne. Ni dai ban ga dalilin yi wa kowace fosta rajista ba. Ayyukan da ke kawo maka kuɗi a kai a kai, su suka cancanta. A Nijar hukumar da ke wannan fanni ita ce BNDA.

Mataki na huɗu: rajista, ga wanda aikinsa ya kai

Rajistar zanen masana'anta da ta alamar kasuwanci duk a ofishi ɗaya ake yi a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ake bi. Za a buƙaci sunanka da adireshinka, da samfurin zanen ko hotunansa, da bayanin irin kayan da za a yi amfani da shi a kai.

Abubuwa uku a dokar suna da amfani ƙwarai, kuma ba kowa ya san su ba. Takarda ɗaya za ta iya ɗaukar zane har 50 in dai kayan iri ɗaya ne, don haka mai shirin fitar da kayan sallah ya tara su ya shigar gaba ɗaya. Za ka iya neman a ajiye zanen a rufe har tsawon wata 12, yadda babu mai leƙawa kafin ka shirya shiga kasuwa. Sannan ranar da ka shigar da takarda ita ce abin lura: daga ranar kana iya ɗora hotunanka, ba sai takardar shaida ta fito ba. Kariyar shekara 5 ce, ana sabunta ta sau biyu, jimilla 15.

Rangwamen da dokar ta yi wa wanda ya riga ya nuna zanensa ƙanƙane ne: in a wani baje kolin da hukuma ta shirya ko ta amince da shi ka nuna, kana da wata 6 ka shigar da takarda. Shafin Instagram ba baje kolin hukuma ba ne. A nan ne shawarwarin da ake gani a YouTube ke ruɗa mutane, domin a Amurka da Tarayyar Turai ana ba mai zane shekara guda bayan ya nuna aikinsa, Turai ma tana ba zanen da ba a yi wa rajista ba kariyar shekara 3. Masu bidiyon dokar ƙasarsu suke faɗa. A watan Nuwamba na 2024 an ƙulla wata yarjejeniya a Riyad da ta tanadi irin wannan rangwame na wata 12, amma yarjejeniya ba ta aiki a ƙasa sai ƙasar ta shige ta ta gyara dokarta. Ka yi aiki da abin da ke rubuce a gida.

Game da suna: rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba rajistar alamar kasuwanci ba ce. Mutane da yawa suna riƙe da takardar CAC suna ganin sun kulle sunan. Alamar kasuwanci ana yi mata rajista ne rukuni-rukuni, tufafi da takalma da huluna suna rukuni na 25, yadi yana na 24. Rajistar farko shekara 7 ce, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. In kuɗinka na rajista ɗaya ne kacal kuma kai mai ɗinki ne, shawarata ka fara da wannan. Yayi yana wucewa cikin wata shida, sunan da ke wuyan riga kuwa shi kwastoma zai dawo nema.

Rajistar Abuja a iyakar Najeriya take tsayawa. In kayanka suna shiga Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ko Njamena, ka sani Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI ta rajistar zane da alamar kasuwanci, mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki. Gana da Sudan kuwa suna wata ƙungiyar daban, ARIPO.

Mataki na biyar: yadda za ka ɗora

Nuna abin da zai jawo mai saye, ka riƙe abin da mai kwafa ke bukata. Mai saye yana son ganin kyau. Mai kwafa yana son hoto miƙaƙƙe, daga gaba, mai kaifi, wanda zai bi layi-layi. Saboda haka ɗauki yadi a naɗe ko a jiki, kada ka shimfiɗa shi har a ga inda zanen ke maimaita kansa. Hula a ɗauke ta a karkace. Tambari a nuna shi a jikin kati ko allon shago. Rage girman hoton yadda zai yi kyau a waya amma ya dusashe in an buga shi babba. Ainihin fayil ɗin da ake iya gyarawa kuwa ba ya fita daga hannunka sai an gama biya.

Sunanka ya ratsa ta kan aikin, shara-shara, ba a kusurwar da za a yanke da yatsa biyu ba. Manhajoji suna iya goge shi, gaskiya ne, amma wanda ya zauna ya goge suna ba zai ce bai san da mai abu ba. A ƙasan hoton rubuta alamar © da shekara da sunanka, da layi ɗaya na abin da ka yarda da shi: "A yaɗa da sunana a jiki. Bugawa ko sayarwa sai da izini."

Ka san kuma me ka sa wa hannu ranar da ka buɗe shafi. Instagram da Facebook ba sa ƙwace mallakar aikinka, saɓanin jita-jitar da kan zaga lokaci-lokaci. Abin da ka ba su izini ne mai faɗi, na duniya baki ɗaya, ba tare da biya ba, kuma suna iya miƙa izinin ga wasu. Lasisin Creative Commons, wato izinin da kake ba jama'a su yi amfani da aikinka kyauta, wanda wasu shafuka ke ba ka zaɓin liƙawa, karanta shi da kyau: ba a janye shi. In ka zaɓi wanda ya halatta kasuwanci, wanda ya sauke ya buga a riguna ya sayar bai yi laifi ba in dai ya cika sharuɗɗan, ko da daga baya ka sauya ra'ayi.

Ɓarakar da ta fi yawa ma ba daga baƙi take zuwa ba. Kwastoma ya karɓi samfuri ya ce zai yi shawara, ya kai wa mai araha. Mai buga takardu ya ajiye fayil ɗinka a kwamfutarsa. Yaron shago ya koyi yanka ya buɗe nasa a layin baya. Karɓi kafin alƙalami kafin ka tura samfuri. In za ka kai zanen da ba ka yi wa rajista ba wurin masaƙa ko mai injin surfani, a rubuta cewa amana ka ba shi, ba zai nuna ko ya buga wa wani ba, ya sa hannu.

Mataki na shida: in an kwafa

Kada ka fara da zagi a ƙarƙashin hoton. Da ka yi magana zai goge, shaida ta tafi. Fara ɗaukar hoton allon wayarka yadda sunan shafin da kwanan wata za su fito, ka kwafi adireshin shafin. In kaya ne a kasuwa, aika wani ya sayo ɗaya ya karɓo rasit.

Sannan ka zauna ka auna da gaskiya: kwafa ce ko kama? In salon ne kawai ya zo ɗaya, haƙuri za ka yi. In layukanka ne da tsarinka, har da ɗan kuskuren da ka san kai ka yi shi, to kana da magana.

Tura saƙo na mutunci a keɓe: "Salamu alaikum. Zanen da ke shafinka na ranar kaza nawa ne, ga hoton asalinsa da kwanan wata. Ina roƙon ka sauke shi cikin kwana uku, ko mu yi maganar izini da farashi." Da yawa a nan suke ƙarewa, wani ma ya koma kwastoma, domin galibi a shafin hotuna na Pinterest ya tsinta bai san mai shi ba. In ɗan kasuwa ne a wuri irin Kantin Kwari, shugabannin layi ko ƙungiyar ƴan kasuwa sukan kashe irin wannan wuta cikin zama ɗaya, abin da kotu za ta shekara tana yi.

In ya yi kunnen uwar shegu, cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na dandalin. Ba maɓallin ƙorafi na gama-gari ba, akwai fom na musamman da ke neman adireshin aikinka na asali da na kwafin. Mai haƙƙin ko wakilinsa ne kaɗai ke cikewa, don haka tara abokai su yi ta danna ƙorafi ba ya amfani. Ka sani za a iya nuna wa wanda ka kai ƙara sunanka da imel ɗinka, kuma yana da damar mayar da martani. Dokar 2022 ita ma ta tanadi hanyar aika wa masu dandali sanarwa a rubuce su sauke abin da aka sata.

Abin da ya wuce nan aikin lauya ne: wasiƙar gargaɗi, ƙorafi ga NCC in satar ta kasuwanci ce mai yawa, sannan Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka da zane da alamar kasuwanci. Tana iya hana sayar da kayan, ta sa a biya diyya, ko a miƙa ribar da aka ci. Kafin ka kai nan, ɗauki biro ka lissafa abin da satar ta rage maka da abin da shari'a za ta ci. Kuma duk zafin da kake ji, ka guji ɗora hoton mutum kana kiransa ɓarawo. In hujjarka ba ta kai ba, ko kuma zanen yana cikin waɗanda doka ba ta kare ba, shi zai riga ka zuwa kotu da ƙarar ɓata suna.